Kankare Ma Yana Son Yaɓe

Ina ɗakin zane a Samaru, cikin hazon watan Janairun 2020, wani abokin karatuna ya miƙo mini wayarsa bai ce uffan ba. A bidiyon da ya nuna mini, wata katafila ce take gatsar gefen wani dogon gini, ƙura na tashi tana gauraya da hazo. Sai da mai ɗaukar hoton ya juya wajen titi sannan na gane wurin. Otal ɗin Durbar ne na Kaduna. Na fita baranda na kira mahaifina. Da na gaya masa, ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, can sai ya ce, "Abba, har da ɓangaren da ke kallon titi?" Na ce, "Har da shi, Baba." Ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Daga baya mahaifiyata ta shaida mini cewa a daren nan tuwonsa a rufe ya kwana.

Mahaifina bai taɓa kwana a otal ɗin nan ba, ko ruwan shayi bai taɓa sha a cikinsa ba. Gammo ne ya haɗa su. A 1976, yana saurayi ɗan shekara ashirin, ya bar garinmu ya tafi cin rani Kaduna, ya samu aikin lebura a wurin da ake gina masaukin baƙin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da Nijeriya ta karɓi baƙuncinsa a farkon 1977. Legas ce cibiyar bikin, amma Kaduna aka bar wa hawan daba, inda sarakunan Arewa suka fito da mahayansu. Aikin mahaifina shi ne ya naɗa gammo da tsohuwar takardar siminti, a ɗora masa kwanon kankare, ya bi matakalar katako ya hau sama ya juye, ya sauko a sake cika masa, tun sassafe har la'asar sakaliya. A wurin ya koyi riƙe cokalin gini, ya zama birkila, kuma da wannan sana'a ya ciyar da mu ya biya mini kuɗin makaranta. Duk lokacin da mota ta bi da mu ta gaban otal ɗin ina yaro, sai ya taɓa kafaɗata ya nuna sama da leɓe ya ce, "Ka ga wancan hawan? Da kaina na kai shi can." Na daɗe ina zaton nufinsa shi kaɗai ya yi aikin. Sai da na girma na fahimci kan da ke bisa wuyansa yake nufi.

Abin da ya fi damuna bayan wayar nan shi ne kunya. Shekara uku ke nan a lokacin ina nazarin tsara gine-gine. Na auna zauren Gidan Makama a Kano, na zana hasumiyar Gobarau ta Katsina, na haddace yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya da azara da laka tun ƙarni na 19. Amma ko sau ɗaya ban taɓa ɗaukar ma'auni na nufi ginin da ubana ya ɗauka a ka ba. A idona, tarihi abu ne mai launin jar ƙasa. Duk abin da aka yi da siminti da rodi kuwa gini ne kawai, kamar yadda tukunyar da ake girki da ita kullum tukunya ce kawai.

Ba ni kaɗai ne mai wannan ido ba. Gine-ginen da aka yi tsakanin shekarun 1950 da na 1970 sun faɗa wani tsakani mai haɗari: ba su tsufa har a girmama su ba, ƙuruciyar da za a yi ado da ita kuma ta wuce. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ma, a cikin ma'aunan da ta gindaya na abin da za a kira kayan tarihi, akwai wanda ya tsaya a shekarar 1918. Kaduna kuwa a 1917 ta zama hedikwatar Arewa bayan an taso daga Zungeru. Ke nan kusan duk abin da garin zai nuna wa jikokinsa bayan wannan iyaka aka yi shi. Gadar ƙarfe ta Lugga da ke lambun Gamji ta samu kariya tun 1956, ita da aka ƙera a Zungeru aka ɗauko. To ina makomar filin wasa na Ahmadu Bello, wanda Maxwell Fry da Jane Drew suka tsara a shekarun 1960? Ina ta Otal ɗin Hamdala, da tsofaffin ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa, da manyan rumfunan masaƙun Kakuri? A waɗannan wurare ne ƙasa mai sabon 'yanci ta fara gwada tsayuwa da ƙafarta.

Da na koma ina kallon irin waɗannan gine-gine da sabon ido, a cikin jami'armu da wajenta, sai na ga suna da ilimin da muka yi watsi da shi. Masu tsara su sun san rana. Sukan shimfiɗa gini ta yadda dogayen fuskokinsa za su kalli kudu da arewa, gajerun kuma gabas da yamma, domin hantsi da la'asar su bugi bango maras taga. Sukan fito da fukafukan kankare a saman tagogi da gefensu su tare zafi, su jera bulo mai huji a matakala da baranda domin iska ta ratsa, su yi ɗaki da tagogi biyu masu fuskantar juna. A watan Afrilu, idan aka ɗauke wuta, ɗaliban da ke tsohon aji sukan ci gaba da rubutu, alhali waɗanda ke sabon gini mai fuskar gilashi sun fito gindin bishiya suna fifita da littattafansu. Dabarar baƙuwa ce ta fuskar kayan aiki, amma manufarta ita ce ta kakanninmu da suka yi katanga mai kauri da ƙaramar taga: a zauna lafiya da rana ba tare da an yi faɗa da ita ba.

Da hutu ya zo na koma gida, na tarar mahaifina ya riga ni yanke hukunci a kan abin da ya faru, kuma hukuncinsa ya fi nawa adalci. Ni na zo da fushi a kan katafila. Shi kuwa cewa ya yi, "Abba, ba ran nan aka rushe shi ba. Ran nan dai aka kwashe gawar." Gaskiyarsa. Otal ɗin ya shekara da shekaru a rufe, ana ta shari'a a kan mallakarsa, tagogi sun zube, ciyawa ta ci harabarsa, maƙwabta na kokawa da irin mutanen da ke fakewa a ciki. Wanda ya ce a kawar da shi yana da hujjar da zai nuna da yatsa.

A daren ne ya yi mini karatun da ban samu a aji ba. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa kowane magidanci ya san gidan ƙasa rai gare shi. Kafin damina a kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi yaɓe, a duba indararo, a shafe soro da makuba. Wanda ya yi sakaci shekara biyu, ruwan sama zai tona masa asiri a gaban unguwa. Gidan ƙasa ya tilasta wa mai shi kulawa, shi ya sa wasu suka haura shekara ɗari a tsaye. "Da siminti ya zo," in ji shi, "sai aka ce mana an huta da yaɓe har abada. Mu da muka kwaɓa shi mun san ƙarya ce." Abin da littattafanmu suke bayani da dogon Turanci, shi ya faɗe shi a taƙaice. Ruwa ya kwanta a rufin da magudanarsa ta toshe, ya sami 'yar tsaga ya shiga, ya tarar da rodi. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya ture kankaren da ke lulluɓe da shi, ɓawo ya ɓalle, ƙofa ta ƙara buɗewa ga ruwan baɗi. Ciwon yana ci ne daga ciki, shi ya sa ba ya ba mai gida kunya da wuri kamar na laka. Kafin a ankara, kuɗin gyara ya kusa na sabon gini, daga nan sai a fara lissafin darajar filin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren zamaninmu da takardar fili yake zuwa.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa komai. Gari mai rai dole ya faɗaɗa titi, ya gina kasuwa, ya sama wa matasa wurin neman abinci, ni ma ina cikin matasan. Amma an sha nuna cewa akwai hanya tsakanin bari da rusawa. Gidan Sardauna ya zama Gidan Arewa a 1970, cibiyar bincike da adana takardun tarihi, har yau ana shigarsa da littafi a hannu. Da aka sabunta Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1970, sabon gini aka kewaye tsohon da shi, aikin Babban Gwani ya tsira a ciki. Babban ɗakin wasannin ƙasa na Iganmu a Legas, wanda aka gina domin bikin da aka gina Durbar dominsa, shi ma ya sha lalacewa, amma bankunan ƙasar nan suka ɗauki nauyin gyara shi. Tagwaye ne, biki ɗaya ya haife su. Ɗaya ya samu mai yaɓe.

Akwai wani abu kuma da mahaifina ya tuna mini a hirar nan. Titin da otal ɗin yake, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Muhammadu Buhari, tsofaffin Kaduna har gobe Waf Rod suke ce masa. Waf taƙaitaccen sunan rundunar sojan Afirka ta Yamma ne ta zamanin Turawa, rundunar da mahaifinsa, kakana wanda na ci sunansa, ya yi wa aiki. Saboda sunan nan ne mahaifina bai taɓa kirana da sunan yanka ba, sai Abba. Ya yi murmushi ya ce, "Kan gidanmu na dako ne. Tsoho ya ɗauki kayan Bature a Bama, ni na ɗauki kankare a titin da aka sa wa sunan rundunarsu."

Ina ɗan shekara takwas kakana ya rasu. Ina yaro na ɗauka Bama ta Barno yake nufi, sai daga baya na san ƙasa ce a gabashin Indiya, wadda yau ake kira Miyanma. A Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin Hitila a bakin tsofaffi, Ingila ta kwashi dubun dubatar samari daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, ta kafa runduna ta 81 da ta 82, ta kai su can su yaƙi Japan. Ta 81 ta yi fama a kwarin Kaladan, ta 82 kuma, wadda kakana yake ciki, tana cikin waɗanda suka kama Myohaung a Janairun 1945. Dazuzzukan yankin Arakan ba su da hanyar mota, saboda haka rundunonin nan suka dogara ga sojoji masu ɗaukar harsashi da abinci a ka. Kakana ɗaya ne daga cikinsu. Sunayen wuraren da suka bi suna nan a ƙofar barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Kullum 'yan acaɓa na kiran sunayen nan, ba kowa ya san daga wane daji aka ɗauko su ba.

Kakana ya dawo da tari da lambar yabo mai siffar tauraro da yake ajiyewa a gwangwanin taba. Ƙaninsa da suka tafi tare bai dawo ba. A garinmu, gaban tsohon ofishin En'e, akwai wani ginshiƙin kankare da bai fi tsayin mutum ba, wanda mazan jiya suka sa aka kafa bayan yaƙi. A jikinsa akwai farantin tagulla mai sunaye goma sha ɗaya na 'yan ƙasarmu da suka kwanta a can. Kakana bai yi boko ba, amma ya san jerin sunayen da ka. Ranar kasuwa idan muka biyo ta wurin yakan tsaya, ya ɗora yatsa a layi na huɗu, ya yi addu'a a ɓoye, mu wuce. Wannan layi shi ne kaɗai abin da ƙaninsa ya bari a bayan ƙasa. Ba kabari, ba hoto, ba ɗa.

Shekarun baya aka wayi gari babu farantin. Kowa ya san ya tafi inda tsofaffin ƙarafa ke tafiya, an auna shi a sikeli an biya kuɗin nauyinsa. Ramuka huɗu na ƙusa suka rage, da wani murabba'i mai haske inda rana ba ta taɓa gani ba. Ginshiƙin ya tsage daga sama, rodi ya leƙo, masu shayi suka mai da gindinsa wurin jingina benci. Bara, bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida, na ji ana maganar za a share filin a yi jerin shaguna. Ɗan baffana, wanda ke sayar da kayan waya a kan tebur, ya riga ya sa suna a cikin masu nema. Da na yi masa maganar ginshiƙin ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan dutsen me yake ba wa wani?" Ban yi fushi da shi ba. Dutse maras suna ne ya tashi ya gani.

Na san abin da ake iya cewa, domin ni ma na faɗa wa kaina. Yaƙin ba namu ba ne. Waɗanda suka kai su can su ne suka ci ƙasarmu da yaƙi shekara arba'in kafin nan, kuma da yawa daga cikin samarin ba da son ransu aka rubuta su ba. Ban da haka, mu mutane ne da ba ma gina kabari, damina biyu ta isa ta daidaita shi da ƙasa, kuma muna ganin hikimar hakan. Da na kai wa limamin unguwarmu wannan damuwa, sai ya tambaye ni ko akwai wanda aka binne a wurin, ko an sassaƙa surar wani. Na ce babu. Ya ce, "To ai rajista ce aka rubuta a dutse." Ni ma haka nake gani. Farantin nan ba daular Ingila ya lissafa ba. Ɗan wane ne da ɗan wance, manoma da masu dako, irin mutanen da littafin tarihi ke haɗawa a cikin adadi ɗaya. Ƙasa takan tuna da su a dunƙule kowace 15 ga Janairu, a ajiye furanni a Abuja da manyan birane. Amma tunawa da mutum da sunansa sai a garin da aka yi masa suna.

Sai na ɗauki littafi na shiga gida-gida. Tsofaffin mata ne suka fi taimakona, domin su ne ke riƙe da lissafin wanda ya tafi bai dawo ba: yayan wata, wanda aka yi wa wata baiko da shi, kawun wata da ake ba da labarinsa ana surfe. Wata ta ce ba za ta iya faɗin sunan ba domin sunan ɗanta na fari ne, sai jikarta ta faɗa mini a kunne. Cikin wata huɗu na samu bakwai. Huɗu sun tafi tare da kakana da farantin tagulla. Da na yi wannan yawo shekara goma da suka wuce, da wataƙila na same su duka.

Na auna ginshiƙin, na zana shi ta fuska huɗu, na kuma zana jerin shagunan yadda za a janye shago ɗaya a bar ɗan fili mai inuwa a tsakiya, inda masu shayi za su ci gaba da zama. Na kai wa hakimi na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba hana shaguna na zo yi ba. Taku biyar nake roƙo." Ya daɗe yana duban takardar, ya ce shi ma ya ji kakarsa na ambaton ɗaya daga cikin sunayen, kuma zai yi magana da waɗanda abin ke hannunsu. Har yau da nake wannan rubutu ba a yanke hukunci ba, ɗan baffana kuma yana jiran shagonsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya, bayan sallar asuba, na ga mahaifina ya fito da cokalinsa da burushin ƙarfe da rabin buhun siminti da ya rage daga wani aiki. Shekararsa uku rabonsa da hawa gini saboda ciwon gwiwa. Na ce, "Baba, idan fa suka zo suka ture shi gobe?" Ya ce, "Gobe ta Allah ce. Ɗauko kwanon." Muka tafi. Ya kankare tsatsar rodin har ƙarfe ya yi haske, ya jiƙa tsagar, ya ce in kwaɓa masa da ɗan tauri. Masu shayi suka janye bencinsu, ɗaya ya kawo mana ruwa a jarka. Da zan miƙa masa kwaɓin, ya girgiza kai ya nuna mini takardar simintin da ke ƙasa. Na naɗa ta gammo, na ɗora kwanon a ka na kai masa, taku shida kacal, mutanen wurin suna dariya. Ya cike tsagar, ya shafe kan ginshiƙin da ɗan gangare domin ruwa ya zurare. Murabba'in da farantin ya bari kuwa bai taɓa shi ba. Ya ce in je in nemo mai rubutu a dutse, dutsen da ba ya shiga sikeli, a ja layi goma sha ɗaya, a cike bakwai, a bar huɗu yadda suke ko Allah zai kawo wanda ya sani.